Niyya ce jarin farko: abin da ’yan kasuwar Adar za su duba a wajen Indiyawa

Sanin kowa ne cewa mu mutanen Tawa da kewayenta, tun daga Keita da Buza har Abalak, mun daɗe da sanin ƙasar Indiya ba tare da mun taka ta ba. Mun san ta a finafinai, mun san ta a jikin baburan da ’yan kabu-kabu ke hawa, mun san ta a kwalin magani da buhun shinkafa. Sai dai akwai wani abu da ake yawan nunawa a finafinan nan wanda ba kowa ke tsayawa ya tambayi ma’anarsa ba, wato mutum ya zauna ya tanƙwashe ƙafafu, ya rufe ido, ya yi tsit, ko kuma a ga ya riƙe ruwa a tafin hannu yana motsa baki kafin ya soma wani muhimmin al’amari. A yau muna so mu yi magana a kan wannan abu, domin a ganinmu akwai darasi a cikinsa ga mai rumfa da mai shago da mai talla.

Kafin wani Alhaji ya ajiye jarida ya ce me ya haɗa mu da addinin Hindu, bari mu faɗi matsayinmu tun da wuri. Ba muna kiran kowa ya ari ibadar wani ba ne. Addininsu nasu ne, namu namu ne. Amma ɗan kasuwa na ƙwarai yakan leƙa rumfar maƙwabcinsa don ya ga yadda ake jera kaya, kuma sau da yawa a nan ne yake tuna cewa shi ma yana da irin wannan haja a ɗaki, ya bar ta tana shan ƙura. Abin da muke cewa shi ne, niyya ita ce jarin farko na ɗan kasuwa, kuma niyya ba ta ɗauruwa a cikin hayaniya, sai mutum ya samu ɗan lokaci ya natsu.

Mabiya addinin Hindu sun haura biliyan 1 a duniya, kuma a ƙidayar da aka yi a Indiya a 2011 sun kai kusan kashi 80 cikin 100 na jama’ar ƙasar. A wajensu ba a fara wata ibada mai nauyi, ko azumi, ko ɗaurin aure, ko wanka a kogin da suke girmamawa, sai an yi abin da suke kira sankalpa, wato ƙudurta niyya. Yadda ake yi shi ne, mutum ya ɗebi ruwa a tafin hannunsa na dama, wani lokaci tare da ’yan ƙwayoyin shinkafa ko fure, sannan ya ambaci wurin da yake, da shekara da wata da ranar da ake ciki, da sunansa da na zuriyarsa, da abin da ya ƙudurta yi da dalilin yinsa. Idan ya gama sai ya zubar da ruwan. Daga nan magana ta zama alkawari a wuyansa.

Ku lura da wannan tsari, ’yan uwa. Mutumin bai ce kawai yana fatan alheri ba. Ya faɗi ko shi wane ne, da inda yake, da lokacin, da abin da zai yi, da dalili. Kamar dai takardar yarjejeniya ce tsakanin mutum da zuciyarsa. Niyyar da aka yi wa iyaka haka tana da wuyar zamewa, domin ranar da mutum ya kauce, shi da kansa ya san ya kauce.

Abu na biyu shi ne natsuwa, wadda suke kira dhiyana, wato tattara hankali wuri guda har ya daina tsalle-tsalle. Da yawansu sukan tashi kamar awa ɗaya da rabi kafin fitowar rana, lokacin da suke ganin ya fi dacewa, su zauna suna lura da numfashinsu ko suna maimaita wani suna da carbi mai ƙwaya 108. Wannan al’ada ta bazu a duniya har ta kai a watan Disamba na 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 21 ga Yuni ta zama ranar yoga, aka fara bikinta a 2015.

To amma ga inda muke so kowa ya buɗe kunne. Wani tsohon malaminsu mai suna Patanjali, wanda ya tsara wannan fanni tun ƙarnoni masu yawa da suka wuce, ya kasa hanyar zuwa matakai 8. Zaman natsuwar nan shi ne mataki na 7. Matakin farko kuwa ya ƙunshi barin cutar da wani, da faɗin gaskiya, da barin sata, da kame kai, da barin haɗama. Ke nan a wajen su kansu masu abin, wanda ke tauye mudu bai ma taka matakin farko ba, ko da zai kwana a zaune ido rufe.

Kuma kada a ɗauka wannan al’amari na masu zaman daji ne kawai. ’Yan kasuwarsu, musamman mutanen Gujarat da Marwari waɗanda suka yi suna a fatauci, sukan buɗe sabon littafin lissafi a lokacin bikin Diwali, wanda ke faɗowa a watan Oktoba ko Nuwamba. Sukan yi addu’arsu a kan littafin, su rubuta kalmomi biyu a shafin farko masu nufin alheri da riba, wato riba mai albarka. Har kasuwar hannun jari ta birnin Mumbai takan buɗe na kimanin awa ɗaya a ranar don a sa albarkar sabuwar shekara. Shi kansa Mahatma Gandhi, wanda ya fito daga zuriyar ’yan kasuwa, ya shafe shekaru yana kame bakinsa daga magana a kowace ranar Litinin don ya samu natsuwa.

Yanzu mu dawo gida. Shin akwai wani abu a cikin wannan da ya zama baƙo a gare mu? Yaron da ya fara karatun Ahalari ko Ishmawi a zaure ya san cewa niyya farilla ce a alwala da salla da azumi, kuma mazauninta zuciya. Hadisin da Imamu Buhari ya buɗe littafinsa da shi, wanda kuma shi ne na farko a Arba’una Hadisi ta Imamu Nawawi, a kan niyya yake magana. Batun natsuwa kuma, ɗan Tijjaniyya yana da lazimi safe da yamma da wazifa da zikirin Juma’a, ɗan Ƙadiriyya yana da wuridinsa, ɗan Izala yana da azkar na safe da na maraice, ga i’itikafi a goman ƙarshe na azumi wanda kowa ya yarda da shi. Ƙasarmu kuma ba baƙuwar ilimi ba ce. A Maratta kusa da Galmi, cikin jihar Tawa ta yau, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru sananne ne a ƙasar Adar da Agadas.

Bugu da ƙari, Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, da misalin ɗan kasuwa ya yi bayanin wannan al’amari a littafinsa Ihya’u. Ya kwatanta mutum da zuciyarsa da mai jari da abokin cinikinsa. Da safe a gindaya sharaɗi, da rana a sa ido, da dare a yi lissafi. Wane ɗan kasuwa ne zai ce bai gane wannan yare ba? Idan ka ba yaronka kaya ya kai Badagishiri, ai kakan gaya masa farashin da ba zai sauka ƙasa da shi ba, in ya dawo kuma ku zauna ku ƙirga. To me ya sa zuciya, wadda ta fi kowane yaron shago wayo da son kai, za a sake ta ta shiga kasuwa ba sharaɗi ba lissafi?

Matsalar da muke gani ita ce, wasu sun mayar da niyya abin da ake cirewa tare da carbi a bar shi a kan buzun salla. Mutum ya yi sallar asuba a sahun farko, amma da hantsi tiyar da yake saye da ita daban, wadda yake sayarwa da ita daban. Wata ta ja carbi har hannu ya gaji, amma ta zuba ruwa a nono, ko ta jera manyan albasa a bakin buhu ta cusa ƙanana da ruɓaɓɓu a ƙasa. Wani ya ɓoye hatsi a sito tun kaka yana jiran damina ta yi nisa, lokacin da rumbuna suka ƙare, ya ninka kuɗi a kan talakan da ya noma shi. Waɗanda suka ga yunwar 2005 ba su manta yadda hatsi ke jibge a wasu kasuwanni ba alhali kuɗinsa ya fi ƙarfin mai iyali. Alhali kuwa akwai sura sukutum a Alƙur’ani, ta 83, da aka sa wa sunan masu tauye awo, kuma kowa ya san labarin mutanen Annabi Shu’aibu.

Wani zai ce ai wannan wa’azi ne, wa’azi kuma ba ya biyan kuɗin haya. To bari mu yi maganar kuɗi. Kasuwar Tawa ta ranar Lahadi ba ta baƙi zalla ba ce. Wanda ya zo daga Kalfu ko Barmu ko Afala wannan makon, shi ne zai dawo mako mai zuwa, kuma yana da baki, yana da dangi. Matar da ta rage ɗan abin da bai kai cikin hannu ba a kowace tiya, wataƙila ta tsira da tiya guda a buhu. Amma ranar da mai saye ta koma gida ta sake awo, ta rasa ta ke nan, ta rasa kishiyarta, ta rasa maƙwabciyarta. A ɗaya ɓangaren, kowa ya san ’yan kasuwar da ake ba kaya bashi daga Ƙonni ko Maraɗi ko Kano da kiran waya kawai, ba takarda ba shaida. Wannan amana ita ce jarin da ba a sace shi, gobara ba ta cinye shi, rufe iyaka ba ta taɓa shi. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma lokacin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, da yawa daga waɗanda suka miƙe bayan faɗuwa sun miƙe ne saboda akwai mai yarda ya ba su kaya su biya daga baya.

Ita kuma natsuwa, amfaninta a kasuwa a fili yake. Yawancin asarar da ɗan kasuwa ke tafkawa a cikin gaggawa ko fushi ko kwaɗayi take zuwa. Dillali ya zo yana haki ya ce kaya za su tashi gobe, a kwashi uwar kuɗi a zuba ba tare da bincike ba. Mai saye ya yi tayin rainin hankali, maimakon a ce masa albarka cikin fara’a, sai a bi shi da baƙar magana, a rasa shi har abada. Mutumin da ya saba zama na minti goma yana mayar da hankalinsa wuri guda duk lokacin da ya kufce, ya koya wa kansa ɗan jinkirin nan da ke tsakanin jin magana da mayar da amsa. A cikin wannan ɗan jinkiri ne ake tsira da jari. Hausawa sun ce zafin nema ba ya kawo samu.

Sai dai dole mu ja kunne a kan wani abu. A ’yan shekarun nan wayoyi sun cika da masu cewa idan ka rufe ido ka ƙudurta kuɗi a ranka, kuɗi za su biyo ka, wasunsu har suna jingina maganar ga hikimar Indiya. Wannan ba ya da bambanci da tsohuwar sana’ar masu sayar da maganin kasuwa, waɗanda ke karɓar jika biyar ko goma a hannun mai sayar da ƙosai su ba ta ƙulli ta binne a ƙarƙashin murhu. Da ƙullin yana kawo kuɗi, da mai shi bai zauna jiran jikar mai ƙosai ba. Mun ga yadda tsarin MMM ya rufe asusun jama’a a Najeriya a Disamban 2016, bayan an yi ta yi wa mutane alkawarin riba ba tare da saye ko sayarwa ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Su kansu littattafan Hindu ba haka suka koyar ba. Littafinsu Bagabad Gita ya fi ƙarfafa cewa mutum ya tsaya kan aikin da ya hau kansa, kada ya rataya zuciyarsa ga sakamako. Mu kuma da tawakkali aka rene mu, ka ɗaure raƙuminka sannan ka dogara ga Allah. Haka nan kada wani ya ɗauka duk mai rufe ido a Indiya waliyyi ne. A 2018 wata kotu a can ta yanke wa wani shahararren malaminsu mai suna Asaram ɗaurin rai da rai saboda yi wa yarinya fyaɗe, alhali yana da ɗimbin mabiya. A can ma akwai masu algus da macuta kamar ko’ina. Zaman shiru ba ya wanke mugun hali, kamar yadda tsawon carbi ba ya cika tiya.

Idan ana neman shaidar abin da niyya ke yi in ta haɗu da aiki, ba sai an je Indiya ba. A 1984, bayan fari ya ƙone ƙasa, aka fara aikin farfaɗo da ƙasar Keita da taimakon Italiya da hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya. Maza da yawa sun tafi ci-rani, iyayenmu mata ne suka ɗauki kaso mai yawa na aikin, suna dakon duwatsu a ka suna jera su don tare ruwa, suna dasa itatuwa a kan fako. Wuraren da ko ciyawa ba ta fitowa suka koma gonaki. Haka kuma tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, wanda daga baya aka kwaikwaya a ƙasashe da dama, ba wani sirri a cikinsa illa mata su zauna su ƙudurta abin da kowace za ta zuba duk mako, su kuma cika. Adashin da muke yi a unguwanni ma haka yake, ranar da mutum ɗaya ya kwasa ya daina zubi, ranar ya mutu.

Akwai kuma batun ’ya’yanmu da ƙannenmu masu tafiya ci-rani, abin da aka san Adarawa da shi tun kaka da kakanni. Saurayi ya tashi daga Tamaske ko Buza ya nufi Abijan ko Legas ko Libiya. In ka tambaye shi me za ka je yi, sai ya ce nema. Neman me, na wata nawa, don a yi me da shi? Shiru. Shi ya sa wani yakan tafi da niyyar wata shida ya share shekara shida, matarsa na nan tana daka wa mutane don ta ciyar da yara. Da a ce kafin ya hau mota ya zauna gaban mahaifinsa da mahaifiyarsa ya faɗi ƙasar da za shi, da watan da zai dawo, da abin da zai aiko kafin shuka, da an samu igiyar da za ta riƙa jawo shi gida. Wannan shi ne amfanin niyya mai suna da lokaci da dalili.

Mun san abin da iyayenmu mata za su ce, kuma suna da gaskiya. Matar da ke tashi tun kafin kiran assalatu ta jiƙa wake, ta kai niƙa, ta hura wuta, ta shirya yara, ina ta ga lokacin zama? Amsarmu ita ce ba a neman awa guda. Bayan sallamar sallar asuba, kafin a naɗe tabarma, minti biyar ya isa. Inna, bayan kin yi zikirin da kika saba, ki faɗa wa zuciyarki abu uku. Yau na fito neman halal don in ciyar da waɗannan yara. Yau tiyata guda ce ga kowa. Yau zan cire kaza in kai wa wadda ke bina bashi kafin in taɓa riba. Alhaji mai shago, kai ma haka, kafin ka buɗe kwaɗo. Da dare kuma, lokacin da ake ƙirga cinikin yini, a ƙara tambaya ɗaya a kan lissafin, shin sharaɗin da na gindaya da safe na cika shi?

Muna kuma kira ga shugabannin ’yan kasuwa da sarakunan kasuwa da iyayen adashi da su taimaka wa wannan niyya da tsari, domin zuciya takan yi rauni in ba mai sa ido. A samu tiya da sikeli na gwaji a kowane layin ’yan hatsi, wanda duk mai shakka zai je ya sake awo a kai ba tare da an ce ya ci mutuncin kowa ba. A riƙa rubuta bashi komai ƙanƙantarsa, kamar yadda addini ya yi umarni. Malamanmu na kowane ɓangare kuma, maimakon jayayya a kan wane zikiri ya fi wane, su riƙa tambayar almajiransu abin da zikirin ya canza a rumfa.

Ba mu ce wanda ya gyara niyya ba zai taɓa faɗuwa ba. Albasa takan ruɓe, farashi yakan karye, mota takan faɗi da kaya, wannan duk yana cikin kasuwa. Abin da muka ce shi ne, wanda ya faɗi da amanarsa a hannu yana samun mai ɗaga shi, wanda kuwa ya yi kuɗi da tauye awo, ’ya’yansa ne ke gadon sunan. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mu da cin haƙƙin wani, Ya sa niyyarmu ta yi daidai da aikinmu, amin.